Sha-ka-saya da Randar Uwarsa

An yi wani mutum a nan cikin birni, gidansu daf da Ƙofar Mazugal. Ba zan faɗi sunansa ba. Uwar da ta haife shi ma ba ta taɓa faɗa ba, don ɗan fari ne, balle ni da ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwar hanya. Wadda ta gane shi ta riƙe a cikinta. Wadda ba ta gane ba, kada ta tsare ni da tambaya a gidan suna.

Ubansa mai saukar baƙi ne. Fatake da masu shanu in sun shigo ta arewa, a zaurensa suke fara sauke gajiya. Talaka ne, amma ya kafa randa a ƙofar gida, da moɗa a kan murfinta, duk mai wucewa ya sha. Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar jaki ba. Ya bar zaure, ya bar randa, ya bar matarsa Baraka, wadda ta riƙi cika randar nan kamar farilla. Kullum da hantsi sai ta wanke ta, ta sayi ruwa wurin ɗan ga-ruwa da kuɗin kaɗinta, ta jefa saiwar jema don ƙamshi.

Ɗan nan ya tashi da zaƙin baki. Yana jin Fulatanci, yana taɓa Barbarci, har Turanci ya tsinto guntu-guntu a bakin filin jirgi. Lungun birni kuwa babu wanda bai sani ba, har waɗanda akuya kan shiga ta rasa hanya.

Kun san yadda abin ya zama tun da jirgin sama ya fara ɗiban alhazai daga Kano. Maniyyaci ɗaya, 'yan rakiya mota guda. Su zo su yi kwana huɗu, kwana biyar, suna jiran ranar tashi. Mutumin ƙauye ya zo Kano, zai zauna yana kallon bango? Sai su ce a kai su ganin gari. Nan mutumin namu ya sami sana'a. Kowa ya ba shi ɗan ladan jagora tun da safe, shi kuma ya sa su gaba: ga Dala, ga sabon Masallacin Juma'a, ga marina, ga Kurmi. Ya dawo da su lafiya kafin la'asar.

Ya 'yan uwana, wannan sana'a halal ce, kuma da farko da gaskiya ya yi ta. Kada ku zaci mugu ne tun daga ciki. Yana son uwarsa so mai tsanani. Bai taɓa shiga gida hannu wofi ba, ko goro ɗaya ne sai ya ajiye mata a kan tabarma. In jirgi ya gifta ta saman gidan yakan nuna shi ya ce, “Inna, wata rana kina ciki.” Ita kuma ta ce, “Ni da ko jaki ban iya hawa ba.” Su yi dariya.

To, Shaiɗan ba ya shigo wa mutum ta ƙofar da ya kulle. Ta ƙofar abin da yake so yake shigowa.

Akwai wani ɗan kasuwa a Mandawari, Isyaku, da ke da zaure cike da kayan ƙyale-ƙyale: madubai, turare, fanteka, zobban da ke komawa kore in sun ga ruwa, har da tsarabar Makka da ba ta taɓa wuce Fagge ba. Yana da haƙorin Makka shi ma, a Sabon Gari aka sa masa. Shi ya kira mutumin nan ya ce, “Kana yawo da garke kullum, ba ka tatsa. Ka riƙa biyowa da su ta nan, kowane ciniki da la'adarka.”

Ya ce, “In ba su saya ba fa?”

Isyaku ya ce, “Ka kawo su da ƙishirwa, ka bar mini sauran.”

Kun ji dabarar. Ba sanda, ba wuƙa. Da safe in ayari ya taru a ƙofar gida, wani ya miƙa hannu ga moɗar Baraka, sai jagora ya ce, “Bari, Malam, akwai mai sanyi a gaba.” Ya hau da su Dala rana na tsaka. Ya zaga da su kasuwa, duk mai ruwan da suka nufa ya ce ba shi da tsabta. Sai maƙogwaro ya bushe, sai ya karya da su lungu bakwai, ya shigar da su zauren Isyaku. Ga inuwa, ga tabarma, ga ruwa mai sanyi, ga goro a faranti. Su sha, su yi hamdala, su sa wa mai gida albarka. Sannan a fara fito da kaya.

Wane ɗan mutunci ne zai sha ruwan mutum, ya ci goronsa, ya tashi ya kakkaɓe riga? Da kunyarsu ake ɗaure su. Wanda kunya ba ta ɗaure ba, tsoron ɓata a lungu ya ɗaure shi.

Baraka ba ta san komai ba. Abu ɗaya ta lura da shi: ranar da ɗanta ya fita da ayari, randarta ba ta raguwa. Ta tambaye shi, ya ce mutanen ƙauye da goransu suke zuwa. Abin dai ya tsaya mata a rai.

Ana nan, bayan ƙaramar salla, zafi bai sauka ba, wata mota ta kawo Fulanin wani ƙauye na yamma da birni. Sun rako malaminsu, Malam Hambali, jirginsa ranar Asabar. Shi yana can sansanin maniyyata da shugaban tafiyarsu, wani dattijo Ilu, sauran kuma aka sauke su a unguwar. Cikinsu akwai yayar malamin, tsohuwa siririya, 'Yardada, idonta ya fara hazo.

Ranar Alhamis da safe, da ayari ya taru, ta ja jagora gefe, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, “Ɗana, ni ba kallo ya kawo ni ba. Ka kai ni inda ake sayar da alawayyo fari mai kyau. Likkafanina nake so in saya, ƙanena ya tafi da shi, ya tsoma mini a ruwan Zamzam. Ni dai ƙafata ba za ta taka can ba, ko zanena ya taka.”

Ta taɓa ƙullin da ke bakin zanenta. Damina uku tana tara shi, daga man saniyarta guda ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba, ko ƙanen nata, don ba ta so a ce za a saya mata. Tana so ta kwanta cikin guminta.

Ya ce, “An gama, Inna. Kin zo hannun ɗan gari.”

Ya ji abin da ta ce sarai. Ku riƙe wannan, don kada wata ta ce bai sani ba.

Aka hau Dala, aka sauko. Aka ga masallaci, aka ga marina. A Kurmi suka wuce ta gaban 'yan alawayyo, ta ja masa riga, ya ce, “Waɗannan na baƙi ne, masu tsada. Namu na gaba.” Azahar ta gota, leɓen tsohuwa ya bushe, ba ta nemi ruwa ba. Bafulatana ce, gara ta faɗi da ta ce tana jin ƙishirwa.

A zauren Isyaku aka miƙa mata kwanon sha. Ta juya baya kamar yadda suke yi, ta sha, ta ce Allah ya jiƙan iyayen mai gida.

Aka fito da kaya. Wannan ya ɗauki turare, wannan ta ɗauki fanteka, kowa fuska ba daɗi. Isyaku ya dubi ƙullin zanen tsohuwa, ya dubi jagora, ya sa aka sauko da wani babban madubi mai baki ruwan zinariya, ya jingina shi a gwiwarta.

Ya ce, “Hajiyar gobe, irin wannan sai ɗakin manya.”

Ta yi murmushi ta ce, “Ni me zan duba? Na san abin da ke wurin, ba ya ƙaruwa. Alawayyo nake nema.”

“Alawayyo ya ƙare jiya.”

Ta yunƙura za ta tashi. Nan jagora ya matso. Zuciyarsa ta ce masa bari, ya ce wa zuciyar sau ɗaya ne, kuma don uwarsa ne. Ya durƙusa kusa da ita, ya yi magana da Fulatanci don ta fi shiga.

Ya ce, “Inna, kin sha ruwan mutum, kin zauna a tabarmarsa. Haka ake yi a wurinku, a sha nono a shure ƙwarya? Gobe a ce Fulanin garinku ba su da kunya?”

Ta sunkuyar da kai.

Ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga murya don kowa ya ji. “Ni dai ba zan fita da wanda ya ci mutuncin mai gida ba. Wanda ya san hanyar Ƙofar Mazugal, bismilla.”

Wa ya san hanya? Ayari duka suka zuba wa tsohuwa ido, rana na yin ƙasa. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin. Damina uku ta zube a tafin Isyaku. Ta rungumi madubi, ta juya fuskarsa ga ƙirjinta, aka fito.

Da la'asar suka iso unguwa, kowa ya watse masaukinsa. Mutumin namu ya shiga zauren gidansu ya zauna, la'ada na aljihu. Daga nan yana hango randa, yana hango uwarsa na share gindinta. Sai ga 'Yardada ta tsaya, ta dubi moɗa, ta miƙa hannu, ta janye.

Baraka ta ce, “Sha mana, baiwar Allah. Don ku aka ajiye.”

Tsohuwa ta ce, “Yaya, in na sha wannan, me zan saya? Ba abin da ya rage mini.”

Ya 'yan uwa, shekara talatin randar nan na wurin, ba a taɓa yi mata wannan tambaya ba.

Baraka ta ajiye tsintsiya, ta kama hannunta, ta shige da ita cikin gida ta gaban ɗanta, ba ta dube shi ba. Ya zauna yana jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa. Da baƙuwar ta fita, uwar ta zo ta tsaya a kansa.

Ta ce, “Kai, ashe shi ya sa randata ba ta raguwa.”

Ya ce, “Inna, ciniki ne. Ba wanda na sa wa hannu a zane. Kowa da kansa ya kwance.”

“Ka san na mene ne kuɗin?”

“Na sani.”

“Gobe Juma'a, jibi jirgi. Ka ɗauki madubin nan ka mayar, ka karɓo mata abinta tun kasuwa ba ta tashi ba.”

Ya ce, “In na mayar da ɗaya, duka za su ce a mayar. Isyaku ya rufe mini ƙofa, kujerarki ta Makka ta tafi. Duk abin nan don wa nake yi?”

Ta dube shi. Sannan ta ce, “Da ƙishirwar mutane za ka kai ni Zamzam? Albasa ba ta yi halin ruwa ba.” Ta koma ciki.

Kwana guda cur Allah ya ba shi. Daga Ƙofar Mazugal zuwa Mandawari tafiyar mene ce? Da safe ya yi niyya, sai ya ce bari a sauko daga masallaci. Da aka sauko, ya ce bari rana ta yi sanyi. Ya sa sabuwar riga, ya shafa turaren Isyaku, ya yi ta gaisawa da mutane. Da safen nan ya ga tsofaffin biyu sun fita, uwarsa da ƙunshi a ka, bai tambaya ba, don yana tsoron amsa.

Ni zan gaya muku abin da ke cikin ƙunshin. Baraka tana da nata likkafanin, shekara goma yana ƙasan akwati, da zaren da ta kaɗa ta saye shi. Shi ta ɗauko ta ɗora wa baƙuwa a cinya, ta ce, “Ɗana ya ci naki, ga nawa.”

'Yardada ta ture, ta ce ko kusa, ita ba ta tuɓe wa wata ta rufa.

Baraka ta ce, “Jiya kin sha ruwana ko ba ki sha ba?”

“Na sha.”

“To ai kin ji dokar birni. Wanda ya sha ruwa ba ya fita hannu wofi. Ɗauki.”

Suka yi dariya har da hawaye. Suka taka da ƙafa har sansani, suka damƙa wa Malam Hambali. A can ne wata 'yar ayarin mai baki, wadda aka ɗora wa fanteka, ta kwashe labari kaf ta gaya wa Ilu.

Shi Ilu ya yi fataucin shanu har Ikko, an cuce shi, an kuma yi masa shari'a, ya san inda ake bi. Ranar Asabar jirgi ya tashi da hantsi. Kafin azahar ɗan doka ya yi sallama a Ƙofar Mazugal da sammaci.

Aka tsaya gaban alƙali, ga ayari da turarensu da fantekarsu, ga madubi a jingine, ga Isyaku yana ta walƙiya da haƙori. Isyaku ya ce shi bai tilasta kowa ba, kayan da ya fita kuwa ba ya dawowa. Jagora ya ce shi hanya kawai ya nuna. Alƙali ya ce masu ƙara su kawo shaidar da ba cikinsu take ba. Ina za su samo? Baƙi ne. Mutumin namu ya fara jin numfashinsa na dawowa.

Sai ya ji muryar da ya fi sani a duniya, daga bayan mata.

“Allah ya gafarta Malam, ni ce uwarsa. Daga bakinsa na ji ya san kuɗin likkafani ne. Kuma shekara biyu ke nan yana hana baƙi shan ruwa a ƙofar gidana, don su isa can da ƙishirwa.”

Ya juya ya ce, “Inna, ni?”

Ta ce, “Kai. Gara a sauke maka kayan nan a nan, ina gani, da a sauke maka a can, ba na iya komai.”

Alƙali ya yi hukunci a fili. Ya ce Allah bai halatta ciniki ba sai da yardar mai saye da mai sayarwa, yardar da aka matso da tsoro kuwa ba yarda ba ce. Ya ce wanda aka tsare wa ƙofa, ko aka ce za a yar da shi inda bai sani ba, yana da ikon mayar da kaya ya karɓi abinsa. Ya ce ruwan da aka ba baƙo kyauta ne, ba a bin sa da komai. Ya ce jagora ladansa shi ne wanda aka ba shi da safe, kuma wajibi ne ya mayar da mutane inda ya ɗauko su, sun saya ko ba su saya ba. Aka mayar da kaya a nan take, aka mayar wa kowa nasa. Aka ƙwace la'ada. Aka aika wa mai unguwa kada a ƙara barin sa ya ja ayari.

Ba a yi masa bulala ba, ba a kai shi gidan yari ba. Da ma an yi, da ya fi masa sauƙi.

Kun san bakin tashar mota ya fi gidan waya sauri. Kafin alhazai su dawo, duk direban da ya sauke 'yan ƙauye sai ya ce, “Ku kula da Sha-ka-saya.” Sunan ya bi shi har masallaci. Isyaku ya ce bai taɓa saninsa ba. Gidan da aka yi masa alkawarin aure suka aiko da goron haƙuri. Ya nemi dillanci a Kurmi, wa zai ba shi kaya? Ya yi dakon gyaɗa, ƙirjinsa bai ɗauka ba. Mutumin da jarinsa bakinsa ne, in aka daina yarda da bakin, me ya rage?

Sai ya fara ɗaukar kayan gida. Yau tasa, gobe buzun ubansa, jibi ƙyauren ɗakin baya. Yakan ce aro ne, zai mayar. Ya daina cin abinci a gaban uwarsa, ya daina nuna mata jirgi. Ita kuwa ba ta fasa ajiye masa tuwo a rufe ba, ba ta kuma taɓa yi masa baki ba. Kullum in ta idar da salla sai ta ce, “Allah, ka shirya mini wannan yaron.” Yaro mai furfura a gemu.

Da kaka, yana can wajen gyaɗa, 'Yardada ta zo birni da ƙunshi biyu. Ɗaya wanda ya je Makka ya dawo, ɗaya sabon alawayyo da ta saya da abin da alƙali ya mayar mata. Ta ce wa Baraka ga amanarki, ta sha Zamzam. Baraka ta ce ai kyauta ba ta komawa. Suka yi ta ja kamar yara a kan rake. Daga ƙarshe maƙwabciya Luba ta kawo almakashi ta raba gardama: aka tsaga kowane biyu, kowace ta ɗauki rabin na Makka da rabin na Kano.

Da baƙuwa ta tafi, Baraka ta naɗe nata, ta nufi akwati, ta tsaya. Ta dubi gurbin da tasoshinta suke a da. Ta juya ta miƙa wa Luba.

Da damina ta zagayo Baraka ta kwanta, kwana shida, rana ta bakwai da hantsi ta cika, kanta a cinyarsa. Mata suka shigo, aka ɗora ruwan wanka, aka ce ya kawo likkafani. Ya san tana da shi, tun yana saurayi yake ganinsa. Ya buɗe akwati. Babu komai sai carbi da tsohon mazari.

Ya tsaya a kan akwatin yana tambayar kansa, ko ni na sayar? Ya lissafa abin da ya fitar daga gidan nan, ya kasa tunawa. Ya 'yan uwa, akwai faɗuwar da ta kai mutum ya zargi kansa da sayar da likkafanin uwarsa, ya kasa rantsewa bai yi ba?

Ya fita a guje, bai gaya wa kowa ba. Ya shiga Kurmi, wurin 'yan alawayyon nan da ya hana tsohuwa tsayawa. Ya ce, “Ku taimake ni don Allah, Inna ta rasu.”

Ɗaya ya ce, “Sha-ka-saya, yau kuma uwarka ka kashe? Wane baƙon ka ajiye a lungu?”

Wani ya ce, “Ku ba shi ruwa, ku ga abin da zai saya.”

Ba mugaye ba ne. Da sun san gaskiya ce, da turmin alawayyo guda za su bi shi da shi. Amma wa ya koya musu kada su yarda da shi? Ranar da ya zo da gaskiya tsirara, ba wanda ya gane ta a bakinsa.

Ya dawo hannu wofi, ƙafa duk taɓo. Ya tarar maza sun cika ƙofar gida, an kawo makara. Luba ta fito zaure ta ce, “Ina ka shiga? An gama haɗa ta tun ɗazu.”

Ya ce, “Da me?”

Ta ce, “Da nata. Yana wurina tun kaka.” Ta ba shi labarin ƙunshin Juma'a da na almakashi. Sannan ta ce, “Ta ce kada in gaya maka inda yake sai ta cika. Ta ce ba don ba ta sonka ba. Ta ce talauci ba shi da kunya, ba ta so ya sa ka abin da ba za ka iya yafe wa kanka ba. Ta kuma ce ta yafe maka duniya da lahira, amma ka kula mata da randa.”

Ya zauna a ƙasa. Wanda zai kai uwarsa Makka a jirgi, ga shi sai da ta ɓoye masa zanen kwanciyarta. Kuma rabin zanen ya je Makkan, ta hannun matar da ya cuta.

Gidan bai daɗe ba aka sayar da cikinsa, aka bar masa zaure. Ya zama ɗan ga-ruwa, garwa biyu da sanda a kafaɗa. Garwar farko ta kowace safiya ta randa ce. Ya wanke, ya cika, ya jefa jema. Baƙi su zo wucewa da ƙishirwa, su gan shi a zaune, wani ya raɗa wa wani, su wuce. Da yamma ya zuba wa awakin unguwa, gobe ya sake cikawa.

Labarin rasuwa bai kai ƙauye da wuri ba, sai wajen sadakar arba'in 'Yardada ta iso, jikarta na jan ta da sanda, don idon ya tafi. Ta tsaya daidai randa, ta lalubi murfin.

Ta ce, “Wa ke nan?”

Ya so ya yi shiru. Ya ce, “Ni ne, Inna.”

Ta gane muryar. Ta ce, “Ɗan gari. Ba ni ruwa.”

Ya ɗebo, ya miƙa mata. Ba ta juya baya ba wannan karon. Ta sha a gabansa, a gaban mutanen unguwa, har ƙasan moɗar.

Ta ce, “To, me zan saya?”

Ya ce, “Babu komai, Inna.”

Ta ce, “Ƙara mini.”

Yana nan har yau. Bai yi arziki ba, bai yi aure ba, sunan bai bar shi ba. Abin da ya zube bai kwasu ba. Sai dai randar takan ragu yanzu, wata rana.

Ya 'yan uwana mata, kun ji. Baƙo amana ne. Wanda ya ba ka ragamar tafiyarsa ya ba ka wuyansa, kada ka kai shi mahauta. Kunyar mutum ba ƙofar aljihunsa ba ce. Wanda ya mai da ruwan sha tarko, ya ɓata wa duk mai randa a garin, har da uwarsa. Kada kuma wani ya ce don iyayena nake yi, don 'ya'yana nake yi. Haram ba ta zama halal don an yi niyyar kai ta gida.

Ku kuma masu zuwa gari, ku gaya wa naku na ƙauye. An kai ku kallo, ba a kai ku saye ba. In an ba ku ruwa ku sha, ku gode, ku tashi. In an tsare muku ƙofa, ku riƙe kayan yadda yake, kada ku ɓata shi, ku nemi mai unguwa, ku nemi alƙali. Cinikin dole ba ciniki ba ne, shari'a na warware shi.

Ke da ɗanki ke shigowa da abin da ba ki san tushensa ba, ki tambaya tun randa ba ta daina raguwa ba. Ni dai ban kama suna ba, amma na ga wasu sababbin fanteka a unguwar nan.

Allah ya jiƙan Baraka, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar. Allah ya karɓi tuban mai tuba. Allah ya kiyaye mu da cin amanar baƙo, ya kiyaye mu da ranar da iyayenmu za su ɓoye mana abin hannunsu, ya sa mu kwanta cikin halal ɗinmu. Amin.